Shekarar da Gumar Ya Koma Dutse

Na ji abin da kuke faɗi a tsakaninku game da kawunku Gumar, wai kansa ne ya ƙi ɗaukar karatu, ya jefar da allo ya gudu, mahaifinmu kuma ya ce kada ya sake taka masa gida. Ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba, amma ta daɗe tana yawo a gidan nan har ƙananan yara sun ɗauka. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun rasu, ni kaɗai na rage. Shi ya sa na zaunar da Hadiza, tunda ita ta yi lakwal, wato boko, kuma hannunta yana da sauri, na ce ta rubuta yadda zan faɗa, kada ta gyara mini magana.

Mu ba 'yan ƙasar nan ba ne. A cikin duwatsun Abzin aka haife mu, ni da yayana Gumar da ƙaninmu Sidi, a wani kwari mai dabino da rijiya guda. Wannan tun Nasara bai taka ƙasar nan ba. Mahaifinmu mutumin ayari ne, yana kawo gishiri da dabino ƙasar Hausa, ya koma da hatsi da baƙin zane, kuma shi kaɗai ya iya Hausa a gidanmu. Sai ruwa ya ƙi sauka shekara bayan shekara. Raƙumansa suka yi ta faɗuwa, awaki suka ƙafe, Sidi ya rame har ba ya iya kuka da ƙarfi. Mahaifinmu ya ce bana dukanmu za mu bi ayari kudu, mu yi shekara guda har ƙasa ta farfaɗo. Kakarmu, wadda ta haifi uwarmu, ta ce ita ba ta barin garkarta da kabarin mijinta. Aka yi lallashi ta ƙi. Muka bar ta a hannun maƙwabta da 'yan awakin da suka rage.

Da kaka muka shigo Tasawa. Ni ina da kamar shekara bakwai, ban taɓa ganin hatsi a tsaye ba, ban san mutane suna iya yawa haka a wuri ɗaya ba. Mai masaukin mahaifinmu wani dillalin hatsi ne, Nomau, wanda suka daɗe suna ciniki, shi ne ma ya laƙaba masa sunan Ɗan Abzin da kuka san gidan nan da shi. Ya ba mu ɗaki biyu a bayan gidansa. Matarsa Tsahara ta share su, ta yi daɓe sabo, ta tsaya bakin ƙofa tana murmushi. Uwarmu ta shiga, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta fito. Ta kwance kayanta, ta kafa bukkarta ta tabarmi a tsakar gida, irin wadda ta zo da ita gidan aure. A wajenmu bukka ta mace ce, inda ta ga dama take kafa ta.

Tsahara ta dubi mahaifinmu ta ce, "Ɗan Abzin, tambaye ta, ɗakin ne bai yi mata ba?"

Ya tambaye ta. Uwarmu ta ce da yarenmu, "Ka ce mata ɗakin yana da kyau. Ni ce ba zan iya shiga cikin ƙasa ba tun ina da rai."

Rabin farko kawai ya juya wa Tsahara.

A wancan zamani, idan aka gama girbi aka zuba hatsi a rumbu, a nan makarantun allo suke cika. Yaran da suka yi damina a gona duk su dawo, a wanke alluna, a fere sababbin alƙaluma, a karɓi sababbin ɗalibai. Mun zo daidai kan wannan. Mahaifinmu ya ce ba za mu zauna a gida muna kallon bango ba, ya kama hannuna, Gumar yana biye, ya kai mu wurin Malam Ilu, wanda yake karantarwa a gindin wata ceɗiya a ƙofar gidansa. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, bulalarsa ma yawanci kaji take kora. Ni ban taɓa riƙe allo ba, sai aka zaunar da ni wajen 'yan mata kusa da Indo, ɗiyar Tsahara. Gumar kuwa ya kai sha huɗu, muryarsa ta fara buɗewa, kuma kawunmu ya karantar da shi a dutse har ya wuce rabin Alƙur'ani.

Malam ya dube shi ya ce, "Yaro, ina ka tsaya?"

Gumar ya juya ya dubi mahaifinmu, don bai ji ko kalma ɗaya ba.

Mahaifinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, ya wuce rabi."

"To, ya biya mu ji."

Gumar ya durƙusa ya biya. Da irin muryar mutanenmu ya yi, mai ja, haruffan suna fitowa daga maƙogwaro. Manyan ɗalibai suka fara taɓa juna suna ƙunshe dariya. Malam ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya bar shi ya kai ƙarshen surar.

Ya ce, "Haddar tana nan, ban ƙi ba. Amma in ya yi kure, da wane baki zan gyara mishi? Ba ya jin nawa, ba na jin nashi. Ya zauna da ƙanana ya faro daga ƙasa, kunnenshi ya saba, bakinshi ya saba. In Allah ya yarda ba zai daɗe ba."

Mahaifinmu baƙo ne a garin mutane, bai yi musu ba, ya yi godiya. Haka yayana, wanda a gida yake kai raƙuma kiwo shi kaɗai ya kwana biyu bai dawo ba, ya zauna cikin yara masu majina yana rera Fatiha da Nasi, gwiwoyinsa sun kai kafaɗar na kusa da shi. Ni kam abin bai yi mini wuya ba. Yaro ƙarami ba ya jin kunyar kwaɓa magana. Indo takan nuna abu ta faɗi sunansa in maimaita, ta yi dariya, in sake, kafin sanyi ya wuce ni ce ake aika kasuwa, ni ce nake tsayawa tsakanin uwarmu da mai sayar da nono. Gumar idan ya buɗe baki aka yi dariya sau ɗaya, ba ya sake gwada wannan kalmar. Sunansa ma sun juya shi ya koma Ummaru, a yi ta kira ba ya waiwayawa, don bai san da shi ake ba.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya faru ne wata safiya. Uwarmu ta biyo ta gaban makaranta tare da Tsahara za su rijiya, tana goye da Sidi. Na gan ta na ɗaga murya na kira ta yadda muke kiranta tun da muka iya magana, wato Anna. A yarenmu anna ita ce uwa. Ban sani ba ashe a nan Anna su ne mutanen ƙauye waɗanda ba su salla. Yara suka ɗauka. Da aka tashi suka kewaye Gumar, wani babba a cikinsu ya ce masa, "Kai ɗan Anna ne?" Gumar ya riga ya san ɗa, kuma ya san anna, ya ji daɗi yau ya gane tambaya gaba ɗaya. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "I." Suka fashe da dariya, suka raka mu har ƙofar gida suna waƙe shi. A zaure ya tsayar da ni.

Ya ce, "Me na faɗa?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kin sani. Indo ta raɗa miki, na gani."

Na gaya masa. Ya shiga ya ɗauki igiya ya tafi wajen raƙumi. Daga ranar bai sake furta kalmar Hausa a waje ba, sai karatu kawai. Ni kuma na koma kiran uwarmu Inna, yadda Indo take kiran tata. Ranar da na fara, tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Wace ce Inna?" Na ce ita ce. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta hana ni ba, amma ta yi wata guda ba ta amsawa sai na maimaita.

Kada ku ɗauka mutanen Tasawa sun wulaƙanta mu. Yara ne, kuma yara haka suke ko'ina. Da labarin ya kai kunnen Tsahara ta bakin Indo, ta yafa mayafi ta tafi wurin matar Malam. Washegari Malam ya tara mu ya ce duk wanda ya sake waƙar nan ya ɗauki allonsa ya nemi wata makaranta. Bai tsaya nan ba. Ya shiga kasuwa wurin masu gishiri, ya sa suka koya masa 'yan kalmomin yarenmu, yadda ake cewa sake, da yadda ake cewa ya yi daidai, da yadda ake cewa a hankali. Yana faɗinsu a karkace, mu kanmu sai mun yi tunani kafin mu gane, amma ranar da ya fara jefa wa Gumar ɗaya daga ciki na ga yayana ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Da la'asar Malam yakan kira shi gefe su zauna su biyu. Allonsa ya riƙa wankuwa kullum, wata rana har sau biyu. Kafin zafi ya shigo sosai ya bar cikin ƙanana ya koma wajen manya, ya cim ma inda ya tsaya a dutse ya wuce. Rubutunsa kuma ya fi na kowa tsabta, shi Malam yake miƙa wa allunanmu ya rubuta mana. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa kansa bai ɗauki karatu ba.

A gida ma abubuwa sun fara daidaita. Uwarmu da Tsahara ba su jin maganar juna, amma turmi ɗaya suke daka. Da farko uwarmu ba ta iya haɗiye miyar kuka, sai ta ci tuwon gaya ta bi da ruwa. Tsahara ta lura, ta riƙa ajiye mata nono. Ita kuma ta koya wa Tsahara yin cuku, suka shanya a kan rufin bukka, kaji suka cinye rabi, suka zauna suna dariya har da hawaye. Sidi ya sha kunu da fura ya yi kumatu, ya fara bin awaki da gudu. Uwarmu ta sami ciki. Nomau kuma ya ce wa mahaifinmu akwai gonarsa ta wajen Maijirgi da ba mai noma ta, in yana so ya shiga da damina.

Ana nan bazara ta kama, ayarin da zai koma arewa ya fara taruwa a zango. Sai ga wasu mutanenmu sun iso daga dutse a makare, suka nemi gidanmu. Suka ce ruwa bai sauka ba har yanzu. Maƙwabtan da muka bar wa kakarmu sun tashi sun nufi Agadas, sun so tafiya da ita ta ƙi. Tana nan ita kaɗai da awakinta, idonta ya fara rufewa, da lalube take zuwa rijiya ta ja ruwa. Bayan baƙin sun fita, da azahar, muna zaune a inuwar bukka, uwarmu ta yi magana.

Ta ce, "Gobe zan kwance tabarmina."

Mahaifinmu ya ce, "Bukkar taki ce, ba zan riƙe ki ba. Amma ki dubi cikin da ke jikinki, ki dubi zafin nan. Ki dubi Sidi. Abin da muka gudo wa yana can yana jiranmu."

Ta ce, "To kai ka tafi ka ɗauko ta."

Ya ce, "Ta ƙi hawa raƙumi tana gani, za ta hau yanzu? In na tafi kuma shuka ta wuce ni. Baɗi me za ku ci? Ba za mu shekara biyu a kan rumbun Nomau ba."

Sidi yana wasa da ƙwarya a ƙafar uwarmu, ta sa hannu tana shafa kansa. Gumar yana gefe yana fere alƙalami. Ya ajiye wuƙar.

Ya ce, "Ni zan tafi."

Mahaifinmu ya ce, "Ba da kai ake ba."

Ya ce, "Na san hanya, na san rijiyar, na san awakin da sunansu. Abba, in ba ni ba wa?"

Mahaifinmu ya ce, "Yanzu karatunka ya miƙe. Na ga wahalar da ka sha kafin ya miƙe. Ba zan cire ka ba."

Ya faɗi haka, amma duk mun san maganar ba a hannunsa take ba. Abin da ya shafi uwar mace, macen ke yankewa, haka al'adarmu take. Uwarmu ta yi kwanaki ba ta yanke ba. Tana daka, tana dafawa, ba ta ci. Wata safiya ta kira Gumar ta ce ya kawo rigarsa ta ɗinke masa inda ya yage, don hanya tana da ƙaya. Daga nan kowa ya gane.

Malam Ilu da kansa ya zo zauren Nomau da ya ji. Ba al'adarsa ba ce zuwa gidan ɗalibi. Aka kira ni don in juya wa Gumar magana, na zauna bakin ƙofa. Ya ce wa mahaifinmu a bar masa yaron shekara biyu kawai ya sauke, ko a gidansa ne zai riƙe shi ya ci da shi. Na buɗe baki zan juya wa Gumar, sai ya ɗaga mini hannu. Ya matso gaban Malam ya durƙusa, ya yi magana da Hausa, a hankali, kalma bayan kalma.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba don na gaji ba ne. Ina son karatu, ina son wurinka. Tsohuwa ce ita kaɗai. Ba ta gani sosai, ita ke jan ruwa da kanta. Ita ta goye ni."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ashe bakin yana nan, ɓoye muna ka yi."

Gumar ya ce, "Ina jira ya yi kyau ne."

Malam ya ce, "Ya yi." Ya dafa kansa ya yi masa addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya ce, "Can ma akwai yara. Abin da ka samu kada ka zauna a kanshi."

A wajenmu namiji ba ya rufe fuska sai ya kai munzali sosai, kuma Gumar da sauransa. Amma mahaifinmu ya ce ba zai aika yaro da fuska a buɗe ya je ya riƙe gida ba. Ya kwance rawanin da ya ajiye don salla, ya naɗa masa da hannunsa, ya ja masa amawali har kan hanci. Na tsaya ina kallo, ido kawai na gane. Safiyar da ayari ya tashi muka raka shi bayan gari. Tsahara ta ɗaura masa gumba a ƙyalle, Nomau ya ɗora taikin hatsi a raƙumin ya ce na tsohuwa ne. Yaran makaranta ma sun zo, har da wanda ya fara waƙar nan, ya miƙa masa hannu. Uwarmu ta yi tafiya kusa da raƙumin tana riƙe da igiyar har inda gonaki suka ƙare, ta faɗa masa abin da zai gaya wa uwarta, ta saki. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da muka dawo gida ta wuce bukkarta, ta shiga ɗakin ƙasar nan da ba ta taɓa zama ciki ba, ta ja ƙyaure. Tsahara ta zauna bakin ƙofar ta hana kowa shiga har la'asar.

Shekara guda aka ce. Amma kakarmu ta yi tsawon rai a hannunsa, shi ya zama idonta har ya binne ta. Kafin nan hanya ta lalace da hare-hare, daga baya Nasara ya zo, abubuwa suka juya. Mu gona ta riƙe mu a nan, shi kuma ya yi aure a can, ya tara yaran kwarin yana karantar da su a gindin dabino. Saƙo yana zuwa da ayari, dabino da cuku da gaisuwa, mu ma muna aika hatsi da zane. Kowace shekara ana cewa baɗi. Uwarmu ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Mahaifinmu kuwa tun daga ranar rakiyar bai sake kama sunansa ba, in an ambace shi sai ya tashi ya fita. Mutane suka ɗauka fushi ne. Ni da na zauna da shi na san ba ya iya jin sunan ne ya riƙe fuskarsa.

Abin da ya sa na tada maganar yanzu shi ne abin da ya faru da kakar bara, ina Maijirgi wurin suna. Wani saurayi mai amawali ya zo ƙofar gidan nan yana tambayar gidan Ɗan Abzin. Aka bar shi a zaure aka ba shi ruwa. Ya ce shi jikan Gumar ne, kakansa ya rasu, kuma kafin ya rasu ya ce duk wanda ya fara zuwa Tasawa a cikinsu ya nemi ƙanwarsa Mariyama ya gaishe ta. Wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya ce masa, "Au, wanda ya gudu?" Saurayin yana jin Hausa. Ya ajiye dabinon da ya kawo, ya yi sallama ya tafi. Sai da na dawo na tarar da dabinon.

Masu gishiri sun ce yana cikin ayarin bana. Idan sun sauka ku je zango ku nemo shi, manyanku za su je, ba aike ba. Ku ba shi haƙuri. Ku shigo da shi har nan inda nake, ku shimfiɗa masa tabarma kusa da ni. Yarenmu ya tsere mini sai kaɗan, amma abin da ya rage ya isa in tambaye shi yadda yayana ya tsufa, da inda aka binne shi.